Emacs 30.1 ya ƙi ginuwa a Ubuntu 22.04, wai bai ga libgccjit ba alhali na saka shi

Sadiq: Assalamu alaikum jama'ar gida. Na sauko da emacs-30.1.tar.xz daga ftp.gnu.org, wato tushen Emacs, manhajar rubuta kod, ina son in gina shi da kaina a kan Ubuntu 22.04, don wanda ke cikin apt, manhajar saka fakejojin Ubuntu, 27.1 ne, babu Eglot (mai haɗa Emacs da sabar yaren kod) a cikinsa, babu tree-sitter (mai gane nahawun kod). Na yi `sudo apt build-dep emacs`, na kuma saka `libgccjit-12-dev`. Da na buga

`./configure --with-native-compilation=aot --with-tree-sitter`

sai ya yi ta tafiya, can ya tsaya da wannan:

`configure: error: ELisp native compiler was requested, but libgccjit was not found.`

Ni dai na san na saka shi, `dpkg -l` ma yana nuna mini shi. Ina gizo ke saƙar?

Kabiru: Wa alaikumus salam. Sadiq, ka sa VS Code ka huta mana 😂

Sadiq: Oga Kabiru, yau ba ranar wannan faɗan ba ce.

Malam Habibu: Wa alaikumus salam. Sadiq, turo mana abin da waɗannan biyun suka ba ka:

`gcc --version`
`gcc -print-file-name=libgccjit.so`

Sadiq: Na farko ya ce gcc 11 ne. Na biyu kuma ya maido mini da `libgccjit.so` kawai, ba komai a gabansa.

Malam Habibu: To ga amsarka nan. Idan gcc, wato kompailar da ke gina manhajar, ya san inda fayil yake, cikakkiyar hanyarsa yake bugowa, tun daga `/usr/lib`. Idan ya maido maka da sunan tsirara, bai gan shi ba ke nan.

A Debian da Ubuntu, kowace sigar gcc tana da nata ɗakin. Fakejin da ka saka ya ajiye `libgccjit.so` a cikin `/usr/lib/gcc/x86_64-linux-gnu/12/`, ya ajiye `libgccjit.h` a cikin `include` da ke ƙarƙashinsa. Kai kuma gcc ɗinka 11 ne, ɗakin 11 yake dubawa, ba ya leƙa na maƙwabci. Ka buɗe `config.log` ka nemi kalmar gccjit, za ka ga inda ld, mai haɗa manhaja da laburarenta, ya ce `cannot find -lgccjit`.

Mafita biyu ce. Ko dai ka saka gcc-12 ka gaya wa configure da shi za a yi aiki:

`sudo apt install gcc-12`
`./configure CC=gcc-12 --with-native-compilation=aot --with-tree-sitter`

ko kuma ka bar gcc 11 ɗinka ka saka `libgccjit-11-dev`. Ni na fi son ta farko a 22.04, saboda laburaren da Emacs zai ɗora in yana aiki, wato fakejin `libgccjit0`, daga gcc 12 ya fito. Gara komai ya zama 12 a huta.

Sadiq: Amma Malam, ashe build-dep ba ya kawo duk abin da ake buƙata?

Malam Habibu: Yana kawo abin da ake buƙata don gina Emacs ɗin da ke cikin rumbun Ubuntu ɗinka, wato 27.1. Shi kuwa 27 bai san da libgccjit ba sam. A 28.1 ne, wanda ya fito a Afrilun 2022, native compilation, wato juya Lisp ɗin Emacs zuwa harshen inji da libgccjit, ya fara shigowa. Tree-sitter kuma sai 29.1, a Yulin 2023. Saboda haka `libtree-sitter-dev` ma da hannunka za ka saka shi, in ba haka ba shi ne zai tare ka a gaba.

Mamman Damagaram: Ni abin da nake yi ya fi wannan sauƙi. Da `update-alternatives` nake mayar da gcc na injin gaba ɗaya ya koma 12, shi ke nan ba sai na riƙa tuna CC ba.

Nafisa: Malam Mamman, wannan ai sauya wa kwamfuta duka kompaila ne saboda manhaja guda. `/usr/bin/gcc` mallakar fakejin gcc ne, ba a cikin tsarin alternatives yake zuwa ba. In ka karkatar da shi, duk abin da za a gina a injin nan gaba ya bi sabon, har direbobin na'urori da tsarin DKMS ke ginawa da kansa. Wata rana wani abu zai ƙi ginuwa ka rasa dalili. `CC=gcc-12` a layin configure ya wadatar, kuma yana shiga cikin Makefile, ba sai ka sake faɗa wa make ba.

Mamman Damagaram: Ni dai ban taɓa ganin matsala ba.

Nafisa: Allah ya sa haka ta ɗore. Amma ba zan ba wanda ya fara yau wannan shawarar ba.

Mamman Damagaram: To ya ƙara da `CXX=g++-12` ma, haka nake gani ana rubutawa.

Malam Habibu: Ba zai cutar ba, amma babu buƙata. Da C da Lisp aka rubuta Emacs ɗin da muke ginawa a Linux. Inda g++ zai yi maka rana shi ne daga baya, in ka zo gina nahawun tree-sitter na wasu yarukan da ke da ɓangaren C++.

Sadiq: Alhamdu lillahi, configure ya wuce. A ƙarshe na ga layin nan: `Does Emacs have native lisp compiler? yes`

Malam Habibu: Wannan layin shi ne shaida, kowa ya riƙa dubawa. Musamman masu gina 30, domin tun daga 30.1, wanda ya fito a Fabrairun 2025, abin a kunne yake zuwa ko ba ka nema ba. In ka buga `./configure` zalla kuma bai ga libgccjit ba, ba zai tsaya ba. Gargaɗi kawai zai yi a tsakiyar ɗaruruwan layuka ya ci gaba, ka gama gini kana murna, ashe babu shi a ciki. Shi ya sa har yanzu nake rubuta zaɓin da hannuna, don in akwai matsala ya tsaya in gani.

Aisha: Don Allah ni sabuwa ce a Emacs, ina bin ku a hankali. Me ake nufi da wannan abin? Ba an riga an gina manhajar da gcc ba, me kuma libgccjit zai yi?

Nafisa: Tambayarki ita ce ainihin maganar, Aisha. Kompaila biyu ne a nan, mutane na haɗa su wuri guda.

Emacs hawa biyu ne. Akwai gindinsa da aka rubuta da C: abin da ke zana allo, da sarrafa ƙwaƙwalwar ajiya, da injin da ke tafiyar da Lisp. Wannan shi gcc ke juyawa zuwa harshen inji lokacin da kika buga make, kuma da an gama aikinsa ya ƙare. Sai hawa na sama, wanda ya fi yawa nesa ba kusa ba, da Emacs Lisp aka rubuta shi: Org, Dired, Magit in kin saka, da duk fakejin da kike saukowa da shi. Shekara da shekaru, iyakar abin da ake yi wa wannan ɓangaren shi ne a juya fayil `.el` ya koma `.elc`, wato bayitkod, sai wani ƙaramin inji a cikin Emacs ya riƙa karanta umarnin ɗaya bayan ɗaya yana aiwatarwa.

Andrea Corallo ne ya zo da hanyar da za a wuce nan. Ana ɗaukar Lisp ɗin a bi da shi ta wani tsari na tsaka-tsaki da ya kira LIMPLE, a miƙa wa libgccjit, shi kuma ya fitar da fayil `.eln`, wanda furosesa ke gudanarwa kai tsaye. An haɗe aikin nasa da babban reshen Emacs a Afrilun 2021. Shi kuwa libgccjit, GCC ne da kansa aka mayar laburare yadda wata manhaja za ta iya kiransa daga cikinta. David Malcolm na Red Hat ya rubuta shi, ya shiga GCC 5 a 2015.

Abin lura: wannan na biyun ba ya tafiya bayan an gama gini. Yana nan tare da Emacs kullum. Duk ranar da kika saka sabon fakej, shi za a kira.

Aisha: Na gode Yaya Nafisa, yanzu na gane. Ke nan ko bayan an gama ba za a goge gcc ba?

Injiniya Lawal: Nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami. Sai mutum ya gama `make install`, ya ce bari in rage kaya a diski, ya cire fakejojin -dev, ya bi da `apt autoremove`. Shi apt bai san da Emacs ɗin da ka gina da hannu ba, a wurinsa babu mai amfani da `libgccjit0`, sai ya kwashe shi. Washegari ka buga emacs ya ce:

`error while loading shared libraries: libgccjit.so.0`

Ko buɗewa ba zai yi ba. Maganin shi ne `sudo apt-mark manual libgccjit0`. Kuma ba laburaren kaɗai ba: don fitar da `.eln` yana buƙatar `as` da `ld` na binutils, da ƙananan fayilolin gcc irin su `crtbeginS.o`. In ɗayansu ya ɓace za ka ga `error invoking gcc driver` yana ta fitowa.

Kabiru: To wai duk wannan wahalar, saurin da ake samu ya kai? Tambaya nake tsakani da Allah, ba tsokana ba.

Malam Habibu: Ya danganta da abin da ke ja maka baya. Corallo da abokan aikinsa sun gabatar da sakamakonsu a taron European Lisp Symposium na 2020, inda suka nuna sauri daga ninki 2.3 har zuwa ninki 42 a kan bayitkod. Amma a ƙananan gwaje-gwajen lissafi ne da aka tsara don awo. A aikin yau da kullum ba za ka ga ninki 42 ba. Inda nake jin bambanci shi ne wuraren da Lisp ke aiki tuƙuru, kamar tace dubban sunaye wajen neman fayil, ko haɗa ajandar Org daga manyan fayiloli.

Injiniya Lawal: Ni ma in ƙara, don kada a ɗora wa abin nauyin da ba nasa ba. In abin da ke tsayar da Emacs ɗinka shi ne shara, wato lokacin da yake tattara ƙwaƙwalwar da aka gama amfani da ita, `.eln` ba zai hana ba. Wannan `gc-cons-threshold` ne, wanda ke zuwa a bayit 800,000. In kuma Magit ne ke jiran git ya amsa, ko Eglot ke jiran sabar yare, to jira ne, ba kompailar da ke maganin jira.

Kabiru: Ato. Ni abin da nake faɗa ke nan. Wanda ke kan Debian 12 yana da 28.2 a apt, wanda ke kan Ubuntu 24.04 yana da 29.3, dukansu da native compilation a kunne. Me zai kai mutum ga gini?

Nafisa: A kan wannan na yarda da kai rabi. In rumbunka na da sigar da ta ishe ka, ka saka ka yi gaba. Amma Sadiq na kan 22.04 ne, 27.1 aka ba shi. Ko dai ya ɗaga tsarin kwamfutarsa duka, wanda zai ci data fiye da kima, ko ya sauko da fayil ɗin da bai fi megabayit 50 da 'yan kai ba ya gina. Lissafin a fili yake.

Sadiq: Wallahi data ce ta sa ban yi `git clone` ba ma.

Mamman Damagaram: In ka so git ɗin, `--depth 1` zai rage maka tarihin. Sai dai a nan dole ka fara da `./autogen.sh`, kuma kana buƙatar autoconf da texinfo. Fayil ɗin tar ya riga ya zo da configure a shirye.

Amma ni `=aot` ɗin nan, wato a juya duk Lisp ɗin Emacs tun lokacin gini, shi ne ban gane amfaninsa ba. Fayilolin Lisp da ke zuwa da Emacs sun haura dubu. Sadiq, yaushe rabonka da buɗe Gnus? Ko Calc? Ko wasan Tetris da ke ciki? Duk za ka zauna kana jiran a juya su, su cika maka diski, alhali ba za ka taɓa su ba. In ka bar shi ba aot, waɗanda ake ɗorawa tun farkon tashi ne kawai za a juya lokacin gini, sauran kuma sai ranar da ka fara amfani da su.

Nafisa: Sai ranar da ka fara amfani da su, wato ranar da kake tsakiyar aiki, an ɗauke wuta, batir na kashi 30. Ka buɗe fayil ɗin Org, sai Emacs ya tada wasu Emacs ɗin a bayan fage suna juya fayiloli, fanka ta hau kuka. A yadda yake zuwa, rabin ƙwayoyin furosesarka yake ɗauka don wannan aikin. Ni gara in biya kuɗin sau ɗaya, lokacin da kwamfuta ke jone da wuta, in tafi in yi sallah in dawo.

Mamman Damagaram: Ai ko kin yi aot, fakejojin da kika sauko da su daga rumbun fakejoji na MELPA sai an juya su a bayan fage. Fankar nan sai ta yi kukanta.

Nafisa: Gaskiya ne, amma ka rage mata aiki. Su ma fakejojin akwai `package-native-compile`, in ka mayar da shi t tun lokacin sakawa za a juya su.

Malam Habibu: Ku biyun duk kuna da hujja. Wanda injinsa ke da ƙarfi kuma ba ya yawan sake gini, aot ya fi masa. Wanda ke bin reshen master yana gini kowane mako, aot azaba ce. Mai sigar 28 kuma ya sani babu `=aot` a can, `make NATIVE_FULL_AOT=1` ake yi.

Sadiq, RAM ɗinka nawa ne?

Sadiq: 4GB ne Malam, ƙwayoyi huɗu.

Malam Habibu: To kada ka bi masu cewa `make -j$(nproc)`. Kowane aiki ɗaya Emacs ne guda ɗauke da GCC a cikinsa. Yi `make -j2`, ka rufe burauza. Zai daɗe, amma ba zai maƙale ba.

Bello: Ni nawa layin ga shi, ku ɗauka kyauta: `CFLAGS="-O3 -march=native"`. Tun da na sa shi Lisp ɗina ke gudu kamar walƙiya.

Injiniya Lawal: Bello, CFLAGS ba ya isa wurin Lisp ko kaɗan. Bayanin da Nafisa ta yi wa Aisha ɗazu shi ne amsarka. CFLAGS na kompailar farko ne, mai gina ɓangaren C. Fayilolin `.eln` kuwa abin da ke juya akalarsu yana cikin Emacs: `native-comp-speed`, wanda ke zuwa a 2, da `native-comp-compiler-options` in kana son miƙa wa libgccjit wani zaɓi. Saurin da ka gani daga `.eln` ɗin ne, da ka sa tutocin da ba ka sa ba.

Bello: To sai in mayar da speed ɗin 3.

Injiniya Lawal: Karanta bayaninsa da `C-h v` tukuna. Su da kansu sun rubuta cewa mataki na 3 na iya yin gyare-gyare masu haɗari. A nan kompaila na ɗauka cewa ayyukan da ke cikin fayil guda ba za a sake fasalta su ba, sai ya riƙa kiransu kai tsaye. Mu kuwa masu Emacs rabin rayuwarmu sake fasalta ayyuka ne da ɗora musu advice, wato ƙarin kod da ke sauya halin aiki ba tare da an taɓa asalinsa ba. Ranar da ka ɗora wa wani aiki advice ka ga bai kama ba, ba za ka tuna da wannan 3 ɗin ba.

Shi kuma `-march=native`, ba laifi in a injin da ka gina za ka yi amfani da shi. Amma kada ka kwafa wa aboki mai tsohuwar kwamfuta a filasha. `Illegal instruction` zai gani.

Bello: Na ji, Injiniya. Amma -O3 ɗina yana nan daram.

Kabiru: Tunda an zo nan, ni a Mac ɗin ofis na gwada. `gcc --version` sai ya ce mini Apple clang. Ke nan ba zai yiwu ba?

Nafisa: Au, mai VS Code ashe ana gwadawa a ɓoye 😄 Zai yiwu. A macOS sunan gcc clang yake kira, kuma clang ɗin na iya gina ɓangaren C lafiya lau. Wannan ma ya ƙara nuna cewa kompailolin biyu ba abu ɗaya ba ne. Abin da kake buƙata shi ne `brew install gcc libgccjit`, configure ya san yadda zai tambayi Homebrew inda suke.

Inda aka fi samun cikas shi ne bayan gini. In ka buɗe Emacs daga Dock, ba ya gadon saitunan da ke cikin shell ɗinka, sai libgccjit ya rasa inda laburaren gcc suke, ka ga ld na kukan bai ga `emutls_w` ba. Ana gyara shi da saita `LIBRARY_PATH` a cikin `early-init.el`. Kuma duk ranar da brew ya ɗaga gcc zuwa babbar siga ta gaba, hanyoyin na iya sauyawa, ka shirya sake dubawa.

Aisha: Masu Windows fa?

Malam Habibu: MSYS2, fakejin `mingw-w64-x86_64-libgccjit`. A Fedora `libgccjit-devel` ne, a Arch `libgccjit`. Su Fedora da Arch gcc guda suke tafiya da shi, shi ya sa ba ka cika jin irin matsalar Sadiq daga wurinsu ba. Mai Ubuntu 24.04 kuma ya kula, irin wannan tarkon na nan: gcc ɗinsa 13 ne, amma akwai `libgccjit-13-dev` akwai `libgccjit-14-dev`.

Sadiq: Jama'a an gama, Allah ya saka da alheri. Na yi `sudo make install`, ya buɗe. Na buga `M-:` na rubuta `(native-comp-available-p)` ya ba ni t. Sai dai tun da na ɗora init ɗina wata taga mai suna `*Warnings*` ke ta faɗowa, wai ayyuka kaza `not known to be defined`. Wani abu ya lalace ne?

Nafisa: Babu abin da ya lalace. Juyawar bayan fage a cikin sabon Emacs ake yin ta, wanda bai ɗora komai naka ba. In marubucin fakej ya manta bai rubuta `require` na wani abin da yake amfani da shi ba, a zamanka na yau da kullum ba za a lura ba don wani ya riga ya ɗora shi, amma a can sai ya fito. Sa wannan a init:

`(setq native-comp-async-report-warnings-errors 'silent)`

Zai ci gaba da rubuta su amma ba zai riƙa buɗe maka taga ba. In kana son ganin abin da ake juyawa, duba `*Async-native-compile-log*`. Da 4GB ɗin nan kuma ka mayar da `native-comp-async-jobs-number` zuwa 1.

Injiniya Lawal: Ka riƙa leƙa `~/.emacs.d/eln-cache/` lokaci-lokaci. Kowane gini na buɗe tasa jakar, sunanta lambar siga da wasu haruffa a gaba. Ko zaɓin configure kawai ka sauya ka sake gini, sabuwa zai buɗe ya fara juya fakejojinka daga farko, tsohuwar kuma tana nan zaune. `M-x native-compile-prune-cache` na share waɗanda ba na ginin da kake kai ba.

Kuma kada ka goge jakar da ka yi gini a ciki, daga nan ake `sudo make uninstall`.

Sadiq: An gama. Saura abu ɗaya: rubutun ya ɗan yi dishi-dishi a allona, ba kamar sauran manhajoji ba.

Mamman Damagaram: Buga `echo $XDG_SESSION_TYPE`. In ya ce wayland, kuma ka ƙara girman allo a saituna, to ta XWayland, gadar da manhajojin tsohon tsarin allo na X ke bi su yi aiki a Wayland, Emacs ɗinka ke bi. `--with-pgtk` kake buƙata don ya yi aiki da Wayland kai tsaye, ya shigo tun 29.

Sadiq: Wayland ya ce. Wato in sake configure da make daga farko?

Mamman Damagaram: Daga farko, har da aot ɗinka 😂

Malam Habibu: Yi `make distclean` tukuna, kuma kada ka manta da `CC=gcc-12` a sabon layin, distclean zai share wanda ka sa ɗazu.

Sadiq: Sai gobe in an kawo wuta.